Yadda Na Kusa Zama Perzida a Kutunu

Kuɗin motata akuyar innata ce. Wata safiya ta dube ni ina kwance ƙarƙashin rumfa, ta dubi akuyar tana kwance kusa da ni, ta ce, "Ila, kai da wagga dabba aikinku ɗaya, ci da kwanciya. Zan sayar da ita in yi maka kuɗin mota, in huta da ku duka biyu." Ranar kasuwa aka kai akuya, washegari aka kai ni tasha. Matata Hadiza ta yi ɗan kuka, amma na lura ba ta ce in fasa ba.

Ba zan gajiyar da ku da labarin hanya ba. Maradi, Gaya, Malanbil, har Kutunu, ƙafafuna sun kumbura kamar kabewa. Abin da na fara gani da ya tsorata ni shi ne teku. Na tambayi wani mutum ko damina ce ta yi musu yawa bana. Sai ya matsa nesa da ni.

Sale mai tsire, mutumin Sabon Maci, shi ya samo mini ɗaki gidan da yake haya. Mai gidan wata mata ce, Maman Selestin, mai soya kifi bakin ƙofa. Muryarta, ku yara, in ta kira jikarta a Kutunu sai ku ji a nan. Hausarta wajen ƴan haya ta koya, kuma duk namiji "ke" take ce mishi.

"Ila! Ke kullum wanka-wanka, sau biyar!"

"Maman, ba wanka ba ne, alwala ce."

"Alwala taki, pompo nawa!"

Haka muke kullum. Amma babban abokin faɗanta ba ni ba ne, kanibo ne, wato magudanar ruwan da ta bi bayan gidan. Ta toshe tun ban zo ba. In aka yi ruwa sai ka farka ka ga takalminka shina yawo tsakar ɗaki. Jikarta Afi ta taɓa faɗawa ciki, da ƙafa aka jawo ta. Kowace safiya Maman za ta tsaya kanta ta riƙe ƙugu, ta zazzaga zagi da Faransanci: kanibo ya toshe, yara na ciwo, manyan ƙattai na zaune, ba mai kunya ko ɗaya. Kullum kalmomin nan, ba ta canza ko guda. Har na haddace ba da niyya ba.

Aiki kuwa, gadi na samu gidan Mushe Dosu, mai farmasi. Patoro nake ce mishi. Shina da wani abu wai shi kulob. Na daɗe ina zaton sunan ciwo ne, don duk Alhamis sai in ji ya ce wa matarsa, "Yau ina da kulob," shina yamutsa fuska. Ashe ƙungiya ce ta masu hali, ta taimakon jama'a don Allah, ba albashi. Suna haɗuwa otel da rana, su ci shinkafa, perzida, wato shugaba, ya buga wata ƴar ƙararrawa. Patoro ne perzida tun fil azal. Ba don sun fi son shi ba. Mutanen ne sun ƙare: wasu sun mutu, wasu sun ƙaura, saura ƴan tsofaffi da ke barci da zarar shinkafa ta sauka. Ranar zaɓe shi kaɗai ke farke.

Wata rana Patoro ya dawo ya tsaya bakin ƙofa, bai ko shiga ba.

"Ila, ka san mutane?"

"Patoro, duk ɗan Nijar da ke Zango na san shi."

"Suna da tsabta?"

"In an ba su sabulu."

Ashe babbansu ne zai zo daga Abijan, wai Guberner. Ni na ɗauka gwamna ne irin namu na Maradi, ashe gwamnan masu ƙararrawa ne. An gaya wa Patoro in ya tarar da kujeru wayam, zai rufe kulob ya tafi da ƙararrawa. Patoro ya ce in ya rasa ta, ni ma in nemi wata ƙofar da zan tsare.

Na shiga Zango na kwaso su. Sale ya zo. Ɗan Jimma mai yankan farce, mutumin Mai Yara, ya zo. Agali, wani dogo daga wajen Rumbu, ya zo, da wasu masu shayi da masu albasa. Patoro ya fito da tsofaffin kwat-kwat ɗinsa, su can bes suke cewa, da igiyar wuyan nan, karabat. Agali ya ce komi za a yi ba zai cire rawani ba, aka ɗaura mishi karabat bisa rawanin. Sannan aka raba mana muƙamai. Sale ya zama babban mai fitar da nama ƙasashen waje. Ɗan Jimma doktoro na ƙafa. Ni direkta na sekirite, wato tsaro.

"In Guberner ya yi magana," in ji Patoro, "ku ce wi, wi. In ya yi dariya ku yi dariya. Wanda ya ƙara kalma guda, na kashe shi."

Kai Nasiru, yarona, zuba mini shayi na biyun nan, kada ya huce.

To, ranar ta zo. Guberner ɗan gajere ne mai fara'a, ya ga ɗaki cike, ya yi ta murna. Da farko komi lafiya. Muna wi, wi, muna dariya, har mun wuce shi da dariyar. Sai aka nuna mishi Ɗan Jimma, doktoro na ƙafa. Mutumin nan ya ce kai, Allah ya kawo shi, babban yatsansa ya hana shi barci. Kafin Patoro ya buɗe baki, Ɗan Jimma ya shige ƙarƙashin tebur, ya cire mishi takalmi, ya zaro almakashi daga aljihun bes. Muna jin ƙyas, ƙyas. Da ya gama ya fito ya miƙa hannu, don ya saba. Guberner ya kama hannun ya girgiza. Ɗan Jimma ya dawo kujerarsa shina duban tafin hannunsa.

Sai Guberner ya juyo kaina. Ya ce, Mushe direkta, ku sababbin mambobi, wane aiki kuke son yi wa jama'a?

Na ce, "Wi, wi."

Ya sake tambaya.

Na ce, "Wi."

Sale ya tokare ni, ya ce, "Kai, gaya mishi wani abu!" Ni kuwa doguwar magana guda ɗaya tak na mallaka da Faransanci. Na miƙe, ban san lokacin da na riƙe ƙugu ba, na zubo ta kaf: kanibo ya toshe, yara na ciwo, manyan ƙattai na zaune, ba mai kunya ko ɗaya! Har da muryar Maman. Tsofaffin da ke barci suka farka.

Guberner ya tashi shina tafi. Ya ce ya daɗe bai ji mamba mai zafin zuciya haka ba. Ya ce Asabar, kafin ya hau jirgi, zai zo da kansa ya ga kulob na haƙa kanibon nan.

Cikin mota Patoro ya hau ni da faɗa.

"Na ce ka ce wi!"

"Na ce, Patoro. Bai ƙoshi ba."

Asabar aka sayo felu-felu, wato shebur na haƙa. Tsofaffi suka zo da fararen huluna, kowa ya riƙe felu aka ɗauki hoto, suka koma inuwa. Mu muka shiga. Abin da muka ciro daga ramin nan, ku bari: tayoyi, takalma marasa ƴan'uwa, katifa, kan keken ɗinki. Maman Selestin ta fito ta ganni cikin taɓo har gwiwa. Sai ta ajiye matsamin kifi ta ɗaure zane.

Daga nan aiki ya fita hannun kowa ya koma nata. Ta bi gida-gida ta fito da matan unguwa da samari. Ta je inuwa ta ɗora wa Patoro bokiti, ta ce, "Ke mai farar hula, kwashe!" Ya kwashe. Guberner ma an ba shi tsintsiya. Kafin la'asar muka ji wani ƙugi, baƙin ruwan nan ya motsa, ya tafi. Maman ta tsaya tana kallonsa, ta jawo Afi jikinta ta riƙe. Ranar kowa ya ci kifi kyauta. Kuma daminar nan ruwa bai shiga ɗakin kowa ba.

Da Guberner zai tafi ya ce abu biyu. Duk wanda ya yi aikin nan a ɗauke shi mamba. Kuma perzida ya horar da magaji, a yi zaɓe na gaskiya. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Direkta, na gode da buɗe mini ƙofar gidan Mushe Dosu ranar da na iso." Ashe ya gane ni tun farko, ɗan banza.

Patoro ya yi lissafinsa. In magaji ya zama dole, gara maigadinsa: ni in riƙe suna, shi ya riƙe ƙararrawa. Ya fara koya mini. Ƙaƙa ake tsayuwa. Ƙaƙa ake buga ƙararrawa, a hankali, ba kamar mai kiran jaki ba. Ƙaƙa ake fara jawabi da "sher zami", wato abokaina na ƙauna. Na yi ta sher zami har cikin barci. Tafiyata ta canza, hannu a baya. In Patoro ya yi odar mota bakin ƙofa, sai na gyara karabat tukuna.

Kulob kuwa sai cika yake. Matan unguwa suka ce ba su da kuɗin shinkafar otel, taro ya koma tsakar gidan Maman. Duk Asabar da aiki: yau sharar ɗakin shan magani, wani mako cike ramukan hanya. Maman ta raba layuka. "Sale, ke ce shugabar wannan layi. Agali, ke wancan. Kowa ta kawo mutum ɗaya sati mai zuwa, in ba ta kawo ba, ba kifi." Ɗan Jimma da ko sallama ba ya iya yi da ƙarfi, sai ga shi shina ba ƙattai umarni. Ni kuma ina bakin rami ina jawabi, don bes ba ta son taɓo.

Ranar zaɓe tsakar gida ba wurin sa ƙafa. Aka ce masu son Ila su ɗaga hannu. Na rufe ido don kada a ce ina ƙirga masoya. Da na buɗe, hannu biyu ne sama, kuma duka nawa ne. Patoro ya rungume ƙararrawa a ƙirji da hannu bibbiyu, ba shi da na ɗagawa. Sai wata mata ta ce, to Maman fa? Wallahi har masu leƙe ta katanga suka ɗaga.

Na samu Agali na ce, "Har da kai?"

Ya ce, "Na ɗaga maka cikin zuciya."

Sale ya ce, "Ila, kai namu ne, ba mu ƙi ka ba. Amma kai sher zami, ita ga felu ga rami."

Da ƙyar aka ɓamɓare ƙararrawa daga ƙirjin Patoro. Maman ta juya ta, ta ce muryarta ta fi wannan, ta ba Afi ta yi wasa. Washegari Patoro ya sallame ni. Ya ce ya rasa kulob, kuma ya gaji da jiran direkta ya buɗe mishi ƙofa. Agali ya ɗauka gadi a madadina.

Maman ba ta bar ni haka ba. Ta ce, "Ila, ke ba ta iya perzida, amma ke ta kawo mutane." Ta naɗa ni mai kula da felu. Na wanke su, na jera su, na koma cikin rami tare da kowa. In gaya muku gaskiya, watannin nan sun fi mini na karabat daɗi. Da damina ta gabato Hadiza ta aiko in zo gona. Ranar tafiyata kulob ya taru, aka yi mini kyauta: felu sabo, an ɗaura mishi jan ƙyalle a wuya. Maman ta ce, "Ki gaida Nijar." Ta juya da sauri wai kifinta na ƙonewa, alhali wutar ma ba a hura ba.

Kowane shinge jandarma sai ya dubi bes, ya dubi felu, ya ce mi nake yi Kutunu. In ce direkta. Ya ce wuce, Allah ya ba ka lafiya. Na sauka tashar Dakoro cikin zafin nan, da karabat, felu a kafaɗa. Wani tsoho ya tare ni ya ce, "Innalillahi, wa ya rasu?" Hadiza ta zazzage jakata, ta sake zazzagewa, ta ce, "Sauran kayan na mota?" Na ce ba saura.

Ruwan farko da aka yi, tafki ya kwanta ƙofar gidanmu, inda kuke ajiye baburanku yanzu. Na ɗauki feluna na fita. Malam Idi maƙwabcina ya fito da hauya. Wasu suka fito, wasu suka aiko ƴaƴansu, har muka yi yawa. Sai wani ya ce, "To, wa ke shugaba? Daga ina za mu fara?"

Na gyara murya. Na sa hannu a baya. Na buɗe baki ke nan, sai Hadiza daga bakin zaure, da muciya a hannu, ta ce, "Ku fara daga wajen iccen bedin can, nan ruwan ke tsayawa."

Duk suka nufi wajen bedi. Na rufe bakina, na bi su.