Auren Hannun Hagu

A bakin Binuwai a Garwa, zamanin Jamusawa, Shu'aibu kukun wani Bajamushen hafsan bariki yana jiran kwalekwale, sai wani dattijo mai fataucin goro ya matso kusa da shi.

"Samari, an ce maigidanka ɗan sarauta ne a ƙasarsu. Me ya kawo shi shan zafin Garwa?"

"Ba shi da gado, Baba. Uwarsa 'yar baduku ce, da hannun hagu ubansa ya aure ta."

"Da me?"

"Al'adarsu ce. Gidajen sarauta junansu suke aure. In basarake ya ɗauko talaka, hagu zai miƙa mata ranar ɗaurin aure. Matarsa ce, amma 'ya'yanta ba su da sunan gidan, balle sarauta."

Dattijo ya tofar da tukar goro. "Hagu? Hannun tsarki? Wa'iyazubillahi! Mu nan ko ɗan kuyanga ana naɗa shi sarki, uba ake dubawa. Kuma wai su ne suka zo koya mana zaman duniya! Wallahi da 'yata ce, a wurin zan janye abata."

"Gaskiya ne, Baba. Ina aka nufa?"

"Banyo. Ɗana ne ya kwaso mini 'yar mahauta, wai aure. Jinina da mahauta? Ko ya sake ta, ko in sallama wa duniya shi."

Shu'aibu, wanda ubansa ke fawa a kasuwar Garwa, ya ɗauki kwandonsa ya miƙe.

"To Baba, ai gara Bajamushen. Shi ko hagun ya miƙa."