Mai Karanta Fassarar Fim

A ɗakin jira na wani asibiti a birnin Radom, ana nuna tsohon fim ɗin Amurka a talabijin, muryar mutum ɗaya tana karanta fassarar maganar kowa. Wani dattijo ya dubi matar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, kin kalli wannan? Fim mai kyau, amma mai karanta fassarar ya kashe shi. Shi ne macen, shi ne namijin, murya kamar ta mai sanarwar rasuwa."

"Sau tara na kalla."

"To kin ji yadda yake cewa 'ina sonki'? Gawa ma ta fi shi kuzari."

"Mai karantawar mijina ne, sunansa Bogumił. Jiya aka yi masa aiki a maƙogwaro, ba zai ƙara magana ba."

"Wayyo, ki yafe mini..."

"Yi shiru, an zo wurin 'ina sonki' ɗin. Shekara talatin bai taɓa faɗa mini a gida ba."