Rabin Allon da Aka Ɗauka Hoto

Mai girma shugaban taro, shugabar makaranta, malamai magada annabawa, iyayen yara maza da mata, da ku matasa da kuka tsaya ta baya kuka ƙi zama, assalamu alaikum. Na gode da kuka ba tsoho fili, ko da yake na san don a huta da tarina ne.

Kwanakin baya ina zaune a shagon aski, mai aski ya sunkuyo ya ce mini, "Baba, ka ji za a ƙona gidan malamin tarihi?" Na ce, "Kai dai yi askinka, bakinka ya fi rezarka kaifi." Na yi dariya, don na saba jin ƙishin-ƙishin. Yau ba dariya na zo yi ba.

Na farko, me malamin nan ya yi? Ya rubuta a allo hujjar masu falsafa na zamanin da, waɗanda suka ce duniya ba ta da farko. Zai rubuta amsar da malaman addini suka ba su, sai aka kaɗa ƙararrawa. Wani ya ɗauki hoton allon, hoto ya shiga waya, waya ta shiga gari. Rabin allo kuka gani, jama'a, rabin allo!

Na biyu, wannan hanya ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Shekaru ɗaruruwa da suka wuce, masu cewa hankali ya isa jagora da masu cewa wahayi ne gaba sun yi ta gwabzawa, amma da alƙalami. Malami mai tsoron Allah sai ya zauna ya kwafe maganar abokin gardamarsa tsaf, ba ragi, kana ya ce, "To, ga amsata." Sun san ba a kayar da wanda ba a kama ba. Da ana hukunci da rabin shafi, da su ma ba su tsira daga hannunku ba.

Na uku, tsoro nake ji, kuma ban ɓoye ba. Jiya na bi ta layinsu. Tagogin gidan malamin a rufe, an kafe na ɗakin yara da katako, igiyar shanya ba ko tsumma. Matarsa ta leƙo ta ce, "Baba, mu tafi ne ko mu zauna?" Wuta ba ta karanta allo, ba ta tambayar gidan wa ke maƙwabtaka da na wa.

Roƙona ɗaya: a mai da malamin nan aji gobe, a ba shi alli, duk mai shakka ya zo ya zauna har ya cika allon.

Kuna iya cewa tsoho ya ruɗe da maganar mai aski. To, bayan shi, wani mai kanti ma ya faɗa mini, na share. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe, da safen nan, ɗana ne na cikina, direban nan, ga shi can jikin ƙofa. Bai ce "za a" ba. Cewa ya yi, "Baba, za mu."

Allah ya sanyaya zukatanmu, ya tsare gidan malamin nan da na cikinsa, ya riƙe hannun 'ya'yanmu, nawa a farko. Na gode.