Darasi Ɗaya da Tanisha Ta Ajiye

A matsayar bas da ke gaban majalisar jiha, tsohuwa Odessa Pruitt ta zauna tana huci, hular zuwa coci a cinyarta. Wani magidanci ya matsa mata wuri.

"Mama, ke ce aka kashe wa makirufo a ciki?"

"Ni ce. Ina cikin gaishe su jar fitilar cikar lokaci ta kama. Ko sunan jikata ban kai ga faɗa ba."

"Ai nan ba a gaisuwa. Kina miƙewa sai ki zube kukanki."

"Mu ba haka aka rene mu ba. To kai da ka iya, saurara. Jikar tawa Tanisha karatun jinya take a kwalejin garinmu. Darasi ɗaya ta ajiye don ta riƙa kai ni wankin ƙoda. Wai dokar tallafi ta mai cikakkun darussa ce. Suka karɓe mata katin bas, suka sallami jaririnta daga gidan renon kwalejin."

"Haka dokar take. Jami'in ɗalibai ba shi da ta cewa, ko ya so."

Ta juyo ta ƙare masa kallo. "Kai yaya aka yi ka sani?"

"Aikina ke nan a wata kwalejin. Ni nake faɗa wa irinta." Ya sunkuyar da kai. "Gyara na zo roƙo, sun ɗage sai baɗi."

Bas ta iso. Odessa ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar.

"Su ɗage, ɗana. Kafin baɗi na ba Tanisha wuri. In ƙasa ta rufe ni, babu wadda za ta riƙa kaiwa asibiti, ai darussanta sun cika."