Kyaftin da Jirgin da Bai Juyo Ba

Assalamu alaikum. Malam Liman, Allah ya ƙara ilimi. Shugaban mazauna unguwarmu, ranka ya daɗe. Tsohon manajan ma'aikatar ruwa, wanda ya sha fama da mamacin tun suna matasa, sannu da zuwa. Shugaban ƙungiyarmu ta masu ƙananan jiragen ruwa, da 'yan ƙungiya baki ɗaya, sannunku. Malama, uwar gidan mamacin, da Babban ɗansa da ƙannensa, da surukai da jikoki, sannunku da haƙuri, Allah ya ba ku dangana.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne kafintan da shagonsa ke kallon ƙofar gidan Kyaftin. Da aka ce ni zan yi magana a madadin unguwa na so in zille, sai Shugaban unguwa ya ce ai babu wanda mamacin ya fi ɓata wa rai kamar ni, don haka babu wanda ya fi ni saninsa. Shi ya sa ga ni tsaye a gabanku.

Ya kasance mutum ne da ba ya iya wuce inji yana ciwo. Famfon rijiyar burtsatsen unguwa ya tsaya, shi ne kan gaba da sifana a aljihu. Janareton makaranta ya ƙi tashi, shi ne. Bai taɓa jira a roƙe shi ba, bai kuma taɓa tsayawa jiran godiya ba. Amma duk wanda Kyaftin ya yi wa gyara ya san akwai ƙari a ciki. Ya kasance ba ya mayar da abu yadda ya same shi, sai ya ƙara masa gudu. Malam Liman shaida ne. An ba shi fankar masallaci ya duba saboda tana ƙara, ya dawo da ita, ranar farko sahun gaba suka yi salla hannu ɗaya na dafe da hula. Keken ɗinkin Malama ya taɓa, daga nan sai ta riƙa gama riga kafin ta yanke shawarar irin ɗinkin da take so.

Ya kasance kuma matsoracin ruwa, wannan ba sirri ba ne. Ya ƙare aikinsa a ma'aikatar ruwa, ya tura ruwa gidajen dubban mutane, amma ruwan da ya wuce idon sawunsa bai taɓa shiga ba. Shi ya sa da ya yi ritaya ya shigo ƙungiyarmu rungume da ƙaramin jirgin ruwa mai rimot, muka sa masa suna Kyaftin don tsokana. Ya karɓa hannu biyu, har da sayen farar hula.

Ga waɗanda ba su taɓa zuwa ba, kowace Asabar da safe muna haɗuwa a bakin tafkin da ke bayan tsohuwar masana'anta. Tserenmu ba shi da wuya. Akwai jarka mai ruwan ɗorawa da muka ɗaure a tsakiyar ruwa. Jirginka ya tafi, ya zagaya jarkar, ya dawo bakin gaɓa. Wanda ya fara dawowa shi ke tafiya da kofi. Kofin ma ba wani abin a zo a gani ba ne, tsohon mazurarin mai ne da mai walda ya yi wa gindi ya shafa masa fenti. To amma wannan kofin shi ne ya hana Kyaftin sukuni har ƙarshen rayuwarsa, domin kullum Mai Kemis ke ɗauka.

Mai Kemis, ga ka nan zaune, kada ka sunkuyar da kai. Jirginsa na kanti ne, ko ƙusa ɗaya bai taɓa canzawa ba. Tafiyarsa kamar ta mai komawa gida daga ɗaurin aure, ba gaggawa, ba tangarɗa. Ya tafi, ya zagayo, ya dawo, ya ɗauki kofi, sannan ya dubi Kyaftin ya ce masa Allah ya ƙara sauƙi, kamar yadda yake sallamar mai mura. Kofin kuma sai ya je ya ɗora shi a kanta tsakanin kwalaben maganin tari, daidai inda ake gani daga titi. Kyaftin ya daina bin layin. In yana buƙatar maganin ciwon kai, gara ya hau mota ya tafi wata unguwa.

A nan aka fara ƙarin inji. Wata rana ya leƙo shagona ya ce in ara masa injin huda katakona mai batir, zai ɗan rataye labule. Labule bai hau ba, injina bai dawo ba. Asabar ta zagayo, sai ga jirgin Kyaftin yana wani kuka da na sani. Na ce, Yaya, wannan muryar kamar na san mai ita. Ya ce in yi haƙuri, kayana na hidimar al'umma. Ashe ya farke cikin injin nawa ya dasa a jirgi. Injin ya yi wa jirgin nauyi, wutsiya ta nutse, hanci ya ɗaga sama kamar mai jin wari. Bai tsaya nan ba, ya juya wayoyin batir, na ja ya koma wurin baƙi. Aka busa usur, jirage suka yi gaba, na Kyaftin ya yi baya da gudun da ba mu taɓa gani ba, ya hau gaɓa ya tsaya cikin wandon Shugaban ƙungiya. Har ya bar duniya bai yarda kuskure ba ne. Cewa yake gwaji ne, kuma da ana lissafa gudun baya da tuni kofin na ɗakinsa.

Malama, ke ce kika fi kowa shan wahalar wannan jirgi, kuma mu 'yan ƙungiya mun daɗe da sanin muna da laifi a wurinki. Bahon wankinki ya zama tafkin gwaji. Ya cika shi da ruwa a tsakar gida, ya riƙe jirgi da hannu ɗaya, ya danna rimot da ɗayan, farfela ta kwashe ruwan kaf ta watsa wa shanya. Teburin cin abinci ya koma gareji, cokali na nan, sukurdireba na nan. Daga shagona nake jin ki kina cewa wata rana sai kin jefa abin nan a shara, shi kuma yana amsa miki da cewa ki bari sai bayan Asabar.

Daga ƙarshe ya yi odar injin gaske, irin mai wayoyi uku, ƙarami kamar kofin shayi amma ƙarfinsa ya ninka na da. Ya sa babban batir, ya canza farfela, ya ja siririn tiyo da zai riƙa sanyaya injin da ruwan tafki. Aiki ne mai kyau, in faɗi gaskiya. Abu biyu kawai muka roƙe shi. Muka ce ƙarfen juyawa na wutsiyar jirgin ya yi ƙanƙanta, ba zai iya lanƙwasa wannan gudun ba. Muka ce rimot ɗinsa tsoho ne, in jirgi ya yi nisa ba ya jin magana. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce mu matsalarmu ke nan, tun ba mu tashi ba muna tunanin kwana. Shi gudu yake nema, juyawa kuma a gani in an kai jarka.

Bai kai jarka ba. Ya ɗaure ƙusar ƙarshe ranar Laraba, kafin Asabar ciwo ya kwantar da shi. Mun yi zaton ɗan abu ne. Na je duba shi a asibiti, na tarar ya rame, amma idonsa na kan fankar ɗakin, yana cewa an takure ta. Mai Kemis ma ya zo da ledar magani, suka gaisa sama-sama kamar surukan da ba sa shiri. Da ya fita sai Kyaftin ya riƙo hannuna ya ce, “Kafinta, ba na tsoron tafiya. Abin da ke cina shi ne zan tafi mutumin nan bai taɓa ganin bayan jirgina ba.” Na yi dariya a lokacin. Da na fito farfajiya sai dariyar ta ƙare.

Babba, kai ne ka zo da shawarar a haɗa jirgin da sauran tarkacen a ba masu gwangwan da ke sayen tsoffin ƙarafa, kuma ba mu ga laifinka ba, ka girma kana tsallake wayoyi a falo. Amma ka ga abin da ya faru. Wadda ta shekara da shekaru tana rantsuwa sai ta jefar da shi, ita ce ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce ba mai taɓawa.

Asabar da ta wuce, muna bakin tafki, sai ga Malama, karon farko a rayuwarta, jirgi a rungume. Ta miƙo mini gawar injina na huda katako, ta ce abin da ya rage ke nan, in yafe. Sannan ta ce a nuna mata inda ake dannawa. Na nuna mata, na ce ta danna a hankali. Ta ce shi mai abin a hankali yake dannawa? Na ce a'a. Ta ce to.

Aka busa usur. Jama'a, ni dai ban ga tashinsa ba, feshin ruwa na gani. Kafin jirgin Mai Kemis ya gama gyara zama, na Kyaftin ya wuce jarka. Muka hau ihu, juya, juya! Malama ta murɗa abin juyawa iyakar ƙarfinta, jirgi ko gezau. Ya riga ya fita daga inda rimot ke kaiwa. Ya miƙe sak, yana ƙanƙancewa, kukansa na raguwa, har ya shige ciyayin can ƙetare muka daina ji.

Kowa dai ya san doka, sai wanda ya dawo ne ya ci. Ga jirgin Mai Kemis ya zagayo jarka, yana tahowa gida da tafiyarsa ta kullum. Ya kusa gaɓa sai ya tsaya cak. Mai Kemis ya zare yatsansa daga rimot, ya ce, “Shugaba, batirina ya mutu.” Mutumin da ke cajin batir tun ranar Alhamis! Koriyar fitilar jirgin na nan tana ci, duk muna kallo, amma muka yi kamar ba mu gani ba. Shugaba ya share ido da bakin hannun riga, ya yanke hukunci cewa tunda babu jirgin da ya dawo, wanda ya fara kai jarka shi ya ci.

Na ce wa Malama zan nemo mai kwalekwale a je a lalubo jirgin. Ta girgiza kai. Ta ce, “Bar shi, Kafinta. Na daɗe ina kiran mai shi ya dawo ya ci abinci. Yau dai ya samu ya tafi son ransa.”

Don haka Mai Kemis, taso da kofin nan, na ga tun ɗazu kana ɓoye shi a ƙarƙashin kujera. Malama, ki karɓa a madadin mai shi. Babba, wannan kam ba na masu gwangwan ba ne, ka sama masa wuri inda za a riƙa gani daga titi. Ku 'ya'yansa, ku sani mahaifinku ya bar muku unguwa guda da ke jin nauyinsa. In famfo ya tsaya ko ƙofa ta ƙi rufuwa, ku tsallako titi, muna nan.

Mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo, mun gode wa matan da suka yi hidimar wannan zama. Ni dai na yafe injina duniya da lahira, kuma ina roƙon duk wanda Kyaftin ya taɓa karɓar aron wani abu a wurinsa ya yafe.

Allah ya jiƙan Kyaftin, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Malama da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Ya Allah, bawanka ya nemi gudu duk tsawon rayuwarsa, bai samu gani da idonsa ba. Ranar da za a tsallake siraɗi, ka ba shi gudun nan duka, ya wuce ba tare da ya juyo ba. Amin.