Ganye a Bakin Dabba

A rumfar jiran mota ta wani ƙauye a lardin Akita, tsoho Genzo na zaune, sai wani ɗan birni mai sabon takalmin hawan dutse ya dubi rigar farautarsa ya taɓe baki.

"Baba, ku ne masu kashe beyar, ƙaton naman dajin nan mai farata, ko? Ni a Jamus na yi karatu. Can in maharbi ya kashe barewa, ganye yake sa mata a baki, ya cire hula."

"Tana ci?"

"Girmamawa ce! Ku kuwa sai harbi. Bara da kuka kashe wata beyar mai ɗa a nan, sau goma na bugo wa hukumarku waya ina ƙorafi."

"Ashe kai ne. Sannu da ƙoƙari." Genzo ya nuna bishiyar bayan rumfar. "Ka ga yakushin can? Na safiyar nan ne. Ɗan nata ne, ya girma."

Ɗan birni ya matso har kafaɗunsu suka haɗu.

"Baba, ina bindigarka?"

"Na miƙa wa 'yan sanda, wayoyinku sun ishe ni. Mota sai ƙarfe huɗu. Tsinko ganye, ɗana, in ya zo ka sa masa a baki."