Ruwan Ikko Ba Na Shuka Ba Ne

Ranar Laraba na bar Gashuwa, ana sanyi, an gama girbi. Akuyar inna aka sayar aka yi min kuɗin jirgin ƙasa. Kawu ne ya raka ni tashar Nguru. Gonar geron da nake nomawa tasa ce, aro ya ba ni, kuma a bakin jirgi ya sake jaddada min: in ruwan shuka ya sauka ban dawo ba, ɗansa zai ba. Kawu ba ya magana biyu.

Ku yanzu waya kuke dannawa ku tambayi gida ko an yi ruwa. Lokacin babu wannan.

A Ikko wani mutumin Nguru, Modu, ya sama min aikin dako a wurin sauke kaya. Shi yake min tafinta. Ban yi nisa a boko ba, amma na lura duk Turancin da ke wahalar da mutum a garin nan da "kwan" yake farawa. Kwantena, akwatin ƙarfe ne da ya fi ɗakin nan girma. Da rana mu kwashe kayan cikinsa, mu kwana a wanda ya ruɓe. Kwandasta, yaron mota, sana'arsa zagi. Kwantiragi, ka dangwala yatsa ka zama nasu har ranar da suka yanka. Sai kwantiniyu, wai ci gaba. Ka miƙe ka dafe ƙugu, Oga, mai gidan aikin, ya ce kwantiniyu. Ka tsaya shan ruwa, kwantiniyu. Ban taɓa jin ya faɗi ta hutawa ba, ko babu ita a yarensu.

Wata rana da hantsi gari ya yi baƙi, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Washegari aka ƙara. Na ɗaure kayana.

Modu ya ce in zauna, wannan ruwan bakin teku ne, a gida ko hadari bai haɗu ba. Na tambaye shi ko zai rantse. Ya ce ba zai rantse ba. Ɗan kasuwar kifi ne, bai taɓa riƙe sungumi ba, kuma ba gonarsa za a ƙwace ba.

Oga ya ce, ta bakin Modu, in na tafi kwantiragi bai cika ba, ladan watan ya bi ruwa, kuma kada in sake zuwa masa. Ya nuna min buhunan da suka rage a kwantena.

"Kwantiniyu."

"Modu, gaya masa gona ba ta jin Turanci."

Na hau jirgi. Har Ilori ko'ina kore shar. Da muka haye kogin Kwara ciyawa ta fara gajarta. Kaduna ƙasa a bushe. Kafin Kano na daina leƙa taga.

Na tarar da Kawu a gindin darbejiya da mutanen unguwa, kowa na fifita. Ya dube ni, ya dubi sama, fes, ko gajimare babu.

"Lafiya?"

"An yi ruwa a Ikko, Kawu."

"To. Ka taho mana da shi?"

Daga ranar nake Mai Ruwa, ku da kuke zaton sunan yanka ne. Sai da aka haura wata biyu kafin ɗigo ya sauka. Akuyar inna kuwa sai da shekara ta zagayo na mayar mata. Amma tuwon da kuka ci ɗazu daga gonar nan ya fito.

Washegarin dawowata, bayan asuba, na ɗauki gatari da manjagara na tafi sharar gona, ni kaɗai a dajin.